Mararraba ta Huɗu

Awa uku ke nan yana tsaye a mararrabar, ya kafe babur ɗinsa yana fuskantar hanyar dama.

Dokar tafiyar ba ta da wuya. Jagora kaɗai ya san duwatsun nan. Duk inda hanya ta rabu biyu, sai ya nuna wa na bayansa ƙasa da yatsa, shi kuma ya tsaya nan ya riƙa nuna wa sauran inda aka bi. Ba ya motsawa ko me zai faru, sai ya ga mutum na ƙarshe. Cikin hular kwano da ƙura ba a gane fuska, riga ake ganewa, shi ya sa na ƙarshe yake sa ja. Yau Yaya ne mai jar riga.

Yayan ne ya jawo shi cikin tafiyar. Shi ƙanen, shekara bakwai ya yi a ƙasar waje, ya dawo ya tarar ɗakinsa ya yi masa kaɗan, unguwar ma ta yi masa kaɗan. Wata uku yana zagaye tsakar gida kamar kazar da ke neman wurin ƙwai, har mahaifiyarsu ta ce wa Yaya, "Don Allah fita da ƙanen nan naka ya sha iska, kafin ya cinye mini siminti da sintiri." 'Yan ƙungiyar yawon babur ta su Yaya suka sa masa suna Baƙo.

Da safe ana yayyafi suka tashi, su goma sha ɗaya. A rafin farko ya sha ƙasa, ya tashi rigar ruwansa duk taɓo.

"Baƙo, a can ƙasar taku kwance ake tuƙi?" in ji Tela, sauran suka kwashe da dariya.

Ya tuɓe rigar a fusace, ya juya cikinta waje don kada taɓon ya ɓata kujera, ya mayar, ya murɗa. Ya bar Yaya a bakin rafin yana ɗaure wa wani sabon shiga sarkar da ta zame.

Daga nan ya nuna musu. A mararraba ta farko, mai tsaron na hango shi ya ɗare babur ya biyo shi yana danna ham. Ta biyu ma haka. Ta uku Tela ne, shi ma ya biyo. Tsere suke so? Ya bar su da ƙura. Da rana ta buɗe ya raɓa bayan wani dutse ya cusa rigar a jaka, ya ci gaba har ya kamo Jagora. Ladan gudun nasa ke nan: a mararraba ta huɗu yatsan Jagora ya nuna masa ƙasa.

Yanzu ga shi. Dutse a hagu, rami a dama, waya ba sabis. Ruwan gorarsa saura kurɓi biyu. Ya ƙirga waɗanda suka wuce: bakwai har da Jagora. Biyu daga ciki har da yafito shi da hannu, ya yi musu banza, don ya san neman sa shi karya doka suke su sami abin dariya. Saura uku: sababbin shiga biyu da Yaya.

Ya zauna. Ya tashi. Ya jefa tsakuwa cikin ramin bai ji saukarta ba.

Haushi ya fara zuwa. Tun suna yara haka Yaya yake, shi ne mai duba ƙofa sau biyu, shi ne mai shanya mutum a rana. Shi kuwa ya tsallaka teku ya dawo, wai don a dasa shi a kan dutse kamar allon hanya.

Sai haushin ya koma wani abu. Ya tuna abin da Jagora ya ce game da mararraba ta uku: hanyar hagu ta fi faɗi, ta fi kyau, kowa zai ɗauka ita ce. Tana gangarawa kwarin da zaizaya ta cinye, in ka sauka babur ba ya iya hawowa. Ba ruwa, ba gida ko ɗaya. Kuma man da ke tankin kowa na zuwa ne kawai.

In ya koma nemansu, suka ɓullo babu kowa a nan, shi ya ɓatar da su. In ya tsaya, tsayuwar me? Ya tada injin ya kashe har sau uku.

La'asar ta yi sanyi, hadari ya haɗo ta bayan duwatsu, sannan ya ji ƙarar babur. Ba daga baya ba, daga gaba. Tela ne, ya cire hula yana haki.

"Kai Baƙo, gadin dutse aka ba ka? Ina Yayanka?"

"Bai iso ba."

"Kamar yaya bai iso ba? Tun hantsi ya wuce ni a ta uku, kamar an koro shi, ko hannu bai ɗaga mini ba. Da idona na ga rigar, kafin na bar wurin."

"Wallahi ba wanda ya wuce nan da ja."

Suka dubi juna. Suka dubi hanyar da ba kowa. Ɗigon farko ya faɗo a kan tanki, na biyu a wuyansa.

"Sa rigarka mu koma," in ji Tela, muryarsa ba wasa yanzu.

Ya zuge jakar, ya zaro rigar ruwan yadda ya cusa ta, a juye. Tela ya ƙura mata ido.

Cikinta ja ne.