Soron da Gayya Ba Ta Kai Ba

Tunda mutanen unguwa sun ɗora maka jagorancin aikin gayya, ɗan'uwa, bari in ba ka misalin wani malamin firamare kafin ka ɗauki shebur.

A wani ƙaramin gari yake koyarwa, inda yawancin ɗakuna soraye ne na ƙasa. Irin wannan rufi, in ba a yaɓe shi da bazara ba, damina ba ta raga masa. Malamin nan shi ya ɗaukar wa kansa wannan nauyi. Da an tashi makaranta sai ya tuɓe rigar aji, ya bi gida gida yana kiran gayya: yau soron matar da mijinta ya rasu, gobe na makahon bakin kasuwa, jibi na masallaci. Shi ke taka ƙasa da ƙafarsa, shi ke hawa tsani ya daidaita indararo, kuma ko goro bai taɓa karɓa ba. Sai dai mai kiran gayya yana da tasa kunyar. Ba ya iya cewa a zo gidansa, kada a ce dama don kansa yake tara mutane. Mutanen gari kuwa ba wanda ya tambaya. Gidan mai aure ne, a zaure maza ke tsayawa, kuma wa zai zaci mai gyara rufin kowa nasa na yoyo?

A cikin gidan akwai mahaifiyarsa, tsohuwa, a ɗakin da marigayi mijinta ya gina mata. Malam ɗanta ne na fari, ko sunansa ba ta kira, balle ta roƙe shi abu baki da baki. Sai ta riƙa ajiye ƙwarya a inda ruwa ke ɗiga. Da abin ya yi yawa ta ce da surukarta, "Ki gaya wa maigidanki gara ta ci azarar nan." Da saƙon ya iske shi ya ce, "Inna ta ƙara haƙuri, da mun gama na masallaci sai nata." Aka gama na masallaci, sai bangon wani aji ya tsage. Damina ta faɗi, ta wuce, wata ta zo. Tsohuwa ba ta ƙara magana ba, ta dai ƙara ƙwarya.

Ran nan da hantsi, ana tsakiyar marka, yana can da matasa suna yashe kwalbatin kasuwa, azara ta karye. Allah ya sa tsohuwa tana madafa tana jin ɗumi. Ta fito ta tsaya cikin ruwa tana kallon gadonta a ƙarƙashin ƙasa. Da ya shigo a guje, taɓo har gwiwa, ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Sannu da aiki, Malam. A kai ni wajen ƙanwarka kafin a gyara."

Washegari gari ya cika ƙofar gidan ba tare da an kira kowa ba, kowa na cewa ai da an sani. Amma ba a ginin ƙasa cikin ruwa, dole aka jira rani. Bayan kaka suka gina mata ɗakin da babu irinsa a garin. Malam ya yi doguwar tafiya ya je ɗauko ta, ta ce a bari sanyi ya wuce. Kafin sanyi ya wuce saƙo ya zo. Ko da Malam ya isa, an riga an dawo daga maƙabarta.

Ɗakin yana nan a kulle, ko ɗigo ba ya yi. Malam bai daina kiran gayya ba har ƙarfinsa ya ƙare, kuma albarkar da ake sa masa ya cancance ta. Sai dai duk lokacin da aka yabe shi a taro, ƙasa yake kallo.

Ban ce ka ƙi aikin jama'a ba. Cewa na yi, kafin ka fita, ka leƙa ɗakin gyatumarka ka ga ko akwai ƙwarya a ƙasa, don kada a yi maka kirarin da Hausawa suka yi wa irinsa: inuwar giginya, na nesa ka sha.