Baƙin Tabo a Allon Baba

"Har yanzu yana nan!" Malam Abdulbaƙi ya daki tebur. Tun jiya da kwamfutarsa ta sabunta manhaja yake ganin baƙin tabo a allon, ga zanen surfanin riguna goma na jiransa.

'Yarsa Naja'atu ta canza wayar da ke haɗe da allon, ta dawo da tsohuwar manhajar, har wani allon ta aro daga wani shago a kasuwar Mokolo.

"Ga shi nan a dama! Ba kya gani?"

Tun safe ba ta ga komai ba, nauyinsa ne ya hana ta musa masa. Ta kashe kwamfutar, ta durƙusa gabansa.

"Baba, kalle ni."

Ya daɗe yana kallonta. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Naja'atu, me ya rufe miki rabin fuska?"