Almakashin Ƙwayoyin Cuta

Alhaji ya dangwara kwalin maganin a gaban likita. "Jabu ne! Mai kemis ɗin Sabon Gari ya cuce ni, ƙafar 'yata sai ruɓewa take."

Likita ta duba sakamakon gwaji. "Maganin gaske ne, Alhaji, ƙwayoyin cutar ne suka gane shi. Suna da wani sinadari kamar almakashi, su yanko dabarar kauce wa magani su ɗinka wa junansu."

"Tatsuniya! Ko bakinku ɗaya da shi?"

"Wani ne yake ba ta maganin rabi-rabi har ƙwayoyin cutar suka saba da shi."

Ya nemi wanda zai zarga ya rasa. Shi ne kullum yake ɓare kafso, ya zuba mata rabi a koko, wai kada magani ya yi wa yarinya ƙarfi.