Man Gyaɗa a Birkin Baba

Ina 'yar shekara tara, zamanin sule da sisi, Baba ya ɗora ni kan kujerar direba ta tsohuwar a-kori-kurarsa, a dajin hanyar Kusasu. Kafin nan, Baba na tuƙi birki ya ƙi ci a gangare, muka daki bishiyar ɗorawa. Goshin ƙanwata ya fashe, Inna tana danne shi da bakin zani.

Baba yana kwance ƙarƙashin mota yana cewa, "Taka. Riƙe. Saki." Ina taka birkin, yana nutsewa kamar na taka tuwo. Da ya kwance bututun man birkin, ya tara hannu ya shinshina. Har inda nake na jiyo ƙanshin ƙuli-ƙuli.

Baffa, yayan Baba, da muke tafiyar tare, shi ya ari motar kafin ranar. Yana tsaye a inuwa da asawaki a baki, ya ce, "Man birkin ne ya ƙare, na zuba na gyaɗa. Mai ai mai ne, Audu."

Man gyaɗar ya sa robobin birkin duk sun kumbura. Jijiyar wuyan Baba ta miƙe. Amma a gidanmu ƙani ba ya ɗaga wa wansa murya. Ya ce, "Ba komai, Yaya." Sai ya juyo ya daka mini tsawa, wai ban iya taka birki ba.

Har yau tabon yana goshin ƙanwata. Baffa ya rasu ba wanda ya taɓa ce masa ya yi laifi. Ni dai ban taɓa cewa "ba komai" ba.