Moɗar da Inna ta rataye

Ƙanena yana rarrafe lokacin da zawo ya kama shi a gidanmu na Horo Birni. Gwaggo, yayar Baba, ta leƙo bayan azahar ta ce, "Haƙori na, shi ka wucewa."

Inna tana ba shi ruwan gishiri da sukari, amma idonta na kan moɗar shan ruwanmu, yashe a ƙasa kusa da kashin kaji.

Ta ce wa Gwaggo, "Yaya, haƙori bai shiga randa ba, moɗag ga ta shiga."

Ta wanke randa tas, ta rufe, ta rataye moɗar a rumfa inda kaza ba ta kaiwa. Ƙanena ya warke.

Yau ƙanen nan nawa furfura gare shi, kuma ko kofin baƙo na gani a ƙasa sai na ɗauke.