Tafin da Ya Kusa Tona Ni

Da aka kira sunan bogin da nake rubutu da shi, editanmu ne ya hau dandamali ya karɓi lambar yabon. Ni kuwa ina layin baya kusa da matata, sai hura hanci nake.

Ni ne na shiga rumbun magungunan jabu da sunan ɗan dako, na fito da hotunan da suka sa aka rufe shi. Masu rumbun har yau nemana suke ruwa a jallo, shi ya sa ko matata ban gaya wa ba. A saninta labaran wasanni nake rubutawa. Gwanin ɓoye sirri ke nan!

Edita ya ɗaga lambar sama. Na yi ta tafi har idona ya ciko.

Sai na ji an ja gefen rigata.

"Baban yara, zauna," in ji matata ƙasa-ƙasa. "Kai kaɗai ne a tsaye. Wata da watanni ina wanke rigar dakon da kake cusawa ƙarƙashin gado ban tona ka ba, yanzu za ka tona kanka da tafi?"