Waƙar Inda Babu Iska

"A sararin samaniya babu iska, ranki ya daɗe, sauti ba ya tafiya," in ji marubucin. Tsohon malamin kimiyya ne, kuma da sharaɗi ya ba da littafinsa a mayar da shi wasan kwaikwayo: ba za a yi wa kimiyya ƙarya a dandamali ba.

Uwar ɗakina, tauraruwar gidan opera na garinmu, inda ake wasan kwaikwayo da waƙa, ta jefe shi da kofin gahawa. "Shekara talatin ina mutuwa da waƙa a bakina, yau guba, gobe wuƙa! Yanzu in mutu a wajen kumbo kamar kifi?"

"Kamar kifi," ya ce.

Ranar buɗe wasa ni na sa mata hular gilashi irin ta 'yan sama jannati. Saman bene ya cika maƙil da mahauta da masu aski, waɗanda suka haddace kowace waƙa, ruɓaɓɓen tumatir a aljihu. In suka yi mata ihu yau, tata ta ƙare.

Igiya ta ɗaga ta sama, makaɗa suka ajiye kayansu. Minti goma sha ɗaya tana wage baki tana dafe ƙirji, ko uffan, har ta mutu.

Zauren ya kaure da tafi. Tsohon mahaucin da ya fi kowa tsanarta ya miƙe, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Ba ta taɓa waƙa mai daɗin wannan ba! A maimaita!"

Sau uku ta maimaita. Da na cire mata hular, ta dube ni a yatsine.

"Kin gani ko? Murya ba ta tsufa."